Faifan Shinkafa da Agogunan Baba

Shinkafar yanzu ba ta da tsakuwa. A yanka bakin leda, a zuba, a ɗauraye, a ɗora a wuta, shi ke nan. Jiya ina tsaye a kicin ina kallon ƙwayoyin nan farare tas suna gangarawa cikin tukunya, sai na tsinci kaina ina neman baƙi guda a cikinsu, ko da ɗan mitsitsi ne, don in sa yatsa in ture shi gefe. Babu. Na san godiya ta kamace ni, don haƙoran mutane da yawa sun tafi a kan tsakuwar shinkafa, amma abin da na ji kewa ce. A gidanmu na Makera faifan tsintar shinkafa ya wuce kayan girki. Shi ne alƙalin da babana ya fi tsoro a duk rayuwarsa ta wasan kwaikwayo.

Makerar da na tashi a cikinta unguwa ce mai sauti. Jiniyar masaƙa ce take tashin mu, ita take gaya wa mata lokacin ɗora tukunya, ita take sallamo maza da yamma, su fito a kan kekuna kamar an buɗe wa ruwa hanya, ƙararrawa na ta ƙirin-ƙirin har bakin titi. Akwai kukan jirgin ƙasa daga nesa, da kiran ladan, da ƙararrawar coci ranar Lahadi, da muryar mai kalanzir da ke jan kalmar kamar ba ya son ta ƙare. Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bishiyar mangwaro ɗaya da kowa yake cewa tasa ce idan ta yi 'ya'ya. Yau idan na bi ta layin, janareto nake ji da ƙarar babura. Masaƙar ta yi shiru tun tuni, ciyawa ta cinye ƙofarta, yaran da ke wasa a gefen katangar ba su san ta taɓa yin murya ba.

Baba ma'aikacin masaƙar ne, a sashen rini. Hannuwansa kullum da sauran shuɗi a gefen farce, sabulu ba ya fitar da shi. Amma ba da wannan aikin gari ya san shi ba. Ranakun Asabar, a zauren taron ma'aikata, yakan zama wani mutum dabam da ake kira Baba Agogo, mai gyaran agogon da bai taɓa gyara ko ɗaya ba. Hannunsa na hagu cike yake da agogunan mutane tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, duk a mace. Maƙwabcinsa a wasan tela ne, wanda kullum ya yi wa wani alkawarin ɗinki bai gama ba. Kawu Bitrus ne telan, abokin aikin Baba a masaƙa, mutumin kudancin jihar, dogo siriri mai murya kamar tsohuwar ƙofa. Telan zai leƙo a firgice ya ce, “Baba Agogo, ƙarfe nawa? Mai kaya yana hanya!” Sai Baba ya ɗaga hannun nan, ya bi agogunan ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza wannan, ya kara wancan a kunne, ya daɗe, sannan ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, “Da saura, tela, da saura.” Iyakar abin ke nan. Na rubuta shi yanzu na ga bai kai komai ba a takarda, amma na ga manyan mutane suna faɗowa daga benci saboda shi.

Ba su rubuta wasa a lokacin. Tabarma suke shimfiɗawa a gindin mangwaronmu bayan la'asar, wani ya kawo labari a baki, su juya shi, su raba wa kowa matsayinsa, maganar kuma kowa ya nemo tasa. Idan sun watse sai Baba ya rage shi kaɗai yana zagaya tsakar gida, yana magana da mutanen da ba su nan. A daidai lokacin ne Umma takan miƙo mini faifai da shinkafar tuwon dare. In zauna a kan turmi da aka kifar, in sa kai ƙasa, yatsuna su shiga aiki. Sai in ji ya tsaya a gabana.

“Uwata,” haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, “kada ki dube ni. Ci gaba da aikinki.”

Sai ya fara. Ni ina tsinta, shi yana wasa, idonsa kuma ba a fuskata yake ba, a kan hannuna yake. Idan ya gama yatsuna ba su fasa ture tsakuwa ba, ko da na yi dariya, sai ya girgiza kai ya ce, “Bai yi ba,” ya koma farko. Idan kuwa hannun ya tsaya da kansa, ban ma san ya tsaya ba, sai ya tafa ya ce an samu. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya yarda da dariyata. Ya ce, “Ke 'yata ce, kina iya yi mini dariya don kunya ko don tausayi. Hannunki bai san ni babanki ba ne.”

Umma kuwa daga bakin murhu take jefo tata. “Malam, ka bar yarinyar nan ta gama. Ko yau wasan kwaikwayo za mu ci da miyar kuka?”

“Ki yi haƙuri, Hajiya, saura kaɗan.”

“Hajiyar da ba ka kai ko tashar Kawo ba, balle Makka.”

Daga zauren ne aka ɗauke su zuwa gidan talabijin. Sau ɗaya a mako ake nuna su, da yamma kafin magariba, a ranar kuwa tsakar gidanmu ba ta da wurin sa ƙafa. Akwatin talabijin guda ne a gidan, na wani maƙwabci, a fito da shi a ɗora a kan tebur, idan an ɗauke wuta a jona batirin mota. Yaran layi a gaba, mata a kan tabarmi da ƙullin gyaɗarsu, maza a baya suna yi kamar wucewa suka zo yi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ganin Baba a wuri biyu, ga shi a cikin gilashi yana kara agogo a kunne, ga shi kuma a gefena a kan benci, gwiwarsa tana taɓa kafaɗata. Na cikin gilashin kowa yake kallo. Shi kuwa na kan benci hannuwan mutane yake kallo, mai ɓare gyaɗa, mai kitso, mai fifita. Yanzu kowa da gilashinsa a tafin hannu, mutum ya yi dariyarsa shi kaɗai a ɗaki, na kusa da shi bai san dalili ba. A wancan lokacin dariya ɗaya unguwa take yi, har wanda ke wanka a banɗaki yakan ɗaga murya ya tambayi me aka ce.

Sunan ya bi shi ko'ina. A kasuwa, a tasha, a ƙofar masallaci bayan an idar da salla, sai ka ji an ƙwala, “Baba Agogo, ƙarfe nawa?” Da farko yakan tsaya ya biya musu, ya dubi hannunsa ko babu komai a kai, ya dubi sama. Daga baya sai ya riƙa ɗaga hannu kawai yana murmushi. Ina ƙarama, amma na lura murmushin yana gajarta. Har a wurin zaman makoki an taɓa tambayarsa. Ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofa ya daɗe bai cire takalmi ba, ya ce wa Umma, “Ni fa akwai wani abu a cikina ban da wannan.”

Wani abin shi ne wasan da ya shirya a damina ta gaba. Labarin wani uba ne da kogi ya cinye ɗansa lokacin cikowa, ya dawo gida da takalman yaron a hannu, zai gaya wa matarsa. A kaina ya fara gwadawa, kamar kullum. Ya ɗauki silifas ɗina daga gefen turmi, ya fita, ya sake shigowa da sallama, irin sallamar da ban taɓa ji a bakinsa ba. Bai yi kuka ba. Ya tsaya ne kawai yana goge ƙasan takalman da gefen rigarsa, yana cewa, “Ai na ce masa ya jira ni.” Ban san lokacin da faifan ya karkace ba. Shinkafa ta zube, kaji suka taso a guje, ni kuma ina ta kuka ina cewa ga ni nan, Baba, ga ni nan. Umma, wadda ba a zubar mata da ƙwayar hatsi ta yi shiru, ranar tsintsiya kawai ta ɗauko, ta juya mana baya.

Ranar Asabar zauren ya cika. Ina gaba, a kan cinyar Umma. Baba ya shigo ba agogo ko ɗaya a hannunsa, sai ƙananan takalma. Ya yi sallamar nan. Wurin ya yi tsit, na ji a jikina cewa ya kama su. Sai wani daga can baya, ba da mugunta ba, don murnar ganinsa kawai, ya ɗaga murya, “Baba Agogo, ƙarfe nawa?” Dariya ta ɗan tashi. Baba ya tsaya yana jira ta lafa. To amma jiran nan sun san shi, shi ne jiran da yake yi kafin ya ba tela amsa, sai dariyar ta ƙaru. Idonsa ya ciko, ya ɗaga kai sama don kada hawayen su zubo. Suna ganin ya dubi sama sai zauren ya fashe. Ana buga benci, ana tafi, baki ɗaya suka amsa masa, “Da saura, tela, da saura!” Ya tsaya da takalman a hannu har aka ja labule. Mutane sun fita suna cewa ba su taɓa jin daɗin wasa irin na ranar ba.

Washegari bayan an taso daga coci Kawu Bitrus ya zo da gwangwanin madarar da ake ajiye agogunan a ciki. Ya ce Baba ya mance shi a zaure.

“Ban mance ba,” in ji Baba.

“Haba, Malam. Don wani sakarai ya yi ihu? Ai ƙauna ce.”

“Na sani. Ita ce ta rufe mini baki. Tafi da su, Bitrus. Mai su ya mutu.”

Kawu ya tsaya yana juya gwangwanin, ya dube ni, ya dubi Umma, sannan ya sa shi a hammata ya fita. Daga ranar Baba bai sake tsayawa gaban jama'a ko gaban kyamara ba, kuma a gidanmu ba a sake tambayar lokaci da ƙarfi ba. Idan kana son sani, sai ka je ka duba na bango.

Lokacin ne finafinan kaset suka fara tashe, Baba ya koma bayan kyamara ya zama darakta. Ya ce tunda fuskarsa ta hana mutane kuka, zai ari fuskokin wasu. Ya kuwa yi. Finafinansa sun sa mata sun jiƙe mayafai, an san sunansa a rubuce a farkon kaset, ya bar masaƙa tun kafin ta rufe, shuɗin nan ya fita daga farcensa. Muka tashi daga gidan haya zuwa namu na kanmu, a Makerar dai, mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, babu mangwaro, babu maƙwabcin da zai leƙo. Yakan tafi wurin ɗaukar fim ya yi makonni. Na taɓa bin sa sau ɗaya lokacin hutu. Na gan shi a kujerar roba, ya sunkuya kan wani ɗan ƙaramin gilashi, 'yan wasa samari da 'yan mata suna gabansa suna jiran hukunci. Kalma ɗaya yake da ita, kuma duk suna tsoronta: “Sake.” Ba ya faɗa, ba ya bayani mai tsawo. Sake. Na zauna a gefe hannuna ba komai, na ga yanzu gilashin yake tambaya. Bayan mun dawo, wata la'asar na gan shi yana zagaya tsakar gida yana tunani, sai na ɗauko faifai da gangan na zauna a kan hanyarsa. Ya zo, ya shafa kaina, ya ce, “Sannu da aiki, Uwata,” ya wuce. Na tsince shinkafar tas ranar. Hannuna bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Kawu Bitrus ya fito a finafinan farko, a matsayin mai gadi ko dattijon unguwa. Daga baya masu sayar da kaset suka ce sababbin fuskoki ake so, da waƙa da rawa, sai kiran ya yi ta nisa har ya yanke. Masaƙa ta rufe. Gari kuma ya shiga irin shekarun nan na rikici da mutane suka riƙa kwashe kaya kowa yana komawa inda nasa suka fi yawa, Kawu ya tashi zuwa Gonin Gora, can kudancin gari. Ba su yi faɗa ba. Da faɗa suka yi da an samu mai sasanta su. Shiru ne kawai ya shiga tsakani, ya yi ta girma kamar ciyawar ƙofar masaƙa. Umma ta rasu ina jami'a. Harkar fim ta koma cikin waya, yaran da Baba ya koya wa tsayuwa gaban kyamara suka zama manya, gaisuwarsu ta koma ta ranar Salla. Muka rage ni da shi a gidan nan mai katanga, muna jin motsin cokulan juna.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya tashi, amma harshe ya yi nauyi, hannun dama kuma ya zama kamar baƙo a jikinsa. Likita ta ce a riƙa ba shi aikin da zai motsa yatsu, irin ɗaukar ƙananan abubuwa. Na shiga kasuwa ina neman shinkafa 'yar gida wadda ba a gyara ba. Mai awon ya dube ni ya ce, “Hajiya, kowa mai tsabta yake nema, ke kuma mai tsakuwa? Ko kishin haƙoran wani kike yi?” Da ƙyar ya samo mini a ƙasan wani buhu. Haka faifai ya dawo gidanmu, amma a kan cinyar Baba. Kullum bayan la'asar in fito da shi tsakar gida, ya sa kai ƙasa, yatsunsa suna bin tsakuwa a hankali kamar masu koyon tafiya.

Wata rana yana cikin tsinta, bai ɗago ba, ya ce, “Uwata. Mutumin nan. Mai agogo.” Kalmomin suna fita ɗaya-ɗaya, kowace da wahalarta. “Ina son... in gan shi. Ban taɓa... kallonsa ba.” Na fahimci abin da yake nufi. Duk shekarun da ake nuna shi, hannuwan mutane yake kallo. Na ce masa zan nemo, kuma na faɗa da ƙarfin gwiwa, don na ɗauka abin da gari guda ya kalla ba ya ɓata.

Na je gidan talabijin ɗin. Wani dattijon ma'aikaci ya saurare ni, fuskarsa ta washe da jin sunan Baba Agogo, har ya ɗaga hannu ya dubi sama. Sannan ya sauke hannun a hankali. Ya ce a wancan zamanin kaset yana da wuyar samu, idan an nuna shiri sai a mayar da kaset ɗin a ɗauki wani abu a kansa, labarai ko jawabi ko talla, a yi ta maimaitawa har ya lalace. Ba wanda ya yi tunanin ajiyewa, don kowa yana ganin mako mai zuwa ma za a yi wani. Na tambayi masu tsofaffin shagunan kaset, na duba cikin waya har idona ya gaji. Finafinan da ya ba da umarni suna nan, fuskokin wasu suna kuka. Shi kam babu shi ko na ƙiftawar ido. Kullum na dawo sai ya ɗago ya dubi hannuna, ya ga jaka kawai, ya mayar da kai kan faifai. Jikinsa kuma yana ja baya, ina gani.

Gonin Gora ce ta rage. Na sauka a bakin titi cikin ƙugin manyan motoci da masu talla, na yi ta tambaya har aka nuna mini wani gida a ciki. Kawu yana zaune a ƙarƙashin rumfa, ƙafafunsa a kumbure a kan ɗan benci, idanunsa sun yi fari-fari. Na durƙusa na gaishe shi.

“Wace ce? Muryar ta yi mini kama da ta wata.”

“Ni ce, Kawu. 'Yar gidan Malam na Makera.”

“Mai faifai?” Ya lalubo kaina da hannu. “Yesu! Mai faifai ce ta zama mace haka? To, darakta ne ya aiko ki? An samo mini aiki? In dai gawa ce zan iya, kwanciya kawai ce, kuma na ƙware.”

Na yi dariya, sannan na gaya masa komai. Ya murza gwiwarsa. Ya ce ba shi da kaset, bai taɓa mallakar na'urar kallonsa ba ma a lokacin. Sai ya ƙwala wa matarsa kira ta ɗauko masa abin da ke ƙarƙashin gado. Gwangwanin ne, ya yi tsatsa, rubutun jikinsa ya goge.

“Duk tashin da muka yi da shi nake tafiya,” in ji shi. “Mama ta ce in zubar, na ce ajiyar mahaukaci ce, wata rana zai warke ya zo nema.”

Na roƙe shi ya bi ni, ko mota ce in ɗauko. Ya nuna ƙafafunsa. “Waɗannan ko coci sun daina kai ni. Kuma in na zo, kuka za mu zauna mu yi, tsofaffi biyu, ba shi ya ce yana son gani ba. Ke za ki yi masa. Wa ya kalli mutumin nan kusa kamar ke?”

“Kawu, ni ban iya ba da dariya ba.”

“Madalla. Shi ma bai taɓa ba da dariya ba. Nan mutane suke kuskure, suna zaton kallon saman ne abin. A'a. Baba Agogo ya yarda da agogunan nan. Duk ran da na tambaye shi, yana sa rai yau ɗaya zai tashi. Yana gaishe su ne kamar manyansa. Sai sun ƙi shi duka yake komawa ga rana, kuma ba ya jin haushinsu.” Ya tura mini gwangwanin. “Idan kin shirya ki kira ni a waya. Tambayar tawa ce, ba na ba kowa aronta.”

Washegari bayan la'asar na fito da Baba, na ɗora masa faifai. Na shiga ɗakinsa na zura tsohuwar rigarsa, na kafa hularsa a kan ɗankwalina, na jera agogunan a hannuna. Sun yi mini yawa, sai da na ɗaure wasu da zare. Na kira Kawu, na buɗe muryar wayar, na ajiye ta a kan kujera. Na fito na tsaya a gaban Baba na ce, “Kada ka dube ni, Baba. Ci gaba da aikinka.”

Ya dube ni duk da haka, ya dubi agogunan, ya daɗe. Sannan ya mayar da kai ƙasa, yatsunsa suka ci gaba.

Muryar tsohuwar ƙofar nan ta fito daga wayar. “Baba Agogo, ƙarfe nawa? Mai kaya yana hanya!”

Kafaɗar Baba ta motsa, amma hannun bai fasa ba. Na bi agogunan, na girgiza, na kara a kunne, na dubi sama, na faɗi maganar. Na sauke ido. Yana ta ture tsakuwa.

“Sake,” in ji shi.

Kawu ya fashe da dariya a cikin wayar. “Mugu! Har yanzu ba ka bar halin nan ba? Yarinya ta yi ƙoƙari!”

“Tana... sauri. Sake.”

Na sake, ya ce in sake. Gumi ya jiƙa rigar, zaren ya fara cin fatata. A karo na gaba da Kawu ya yi tambayar, na gaji da ƙoƙarin yin kama da kowa. Na dubi agogon farko, na ga tabon shuɗi a jikin madaurinsa, rinin hannun Baba na wancan zamani. Na bi su a hankali. Da na zo kan wani mai tsagaggen gilashi na kara shi a kunne, sai na ji ina so ya tashi, da gaske nake so, ko bugu ɗaya ne. Na riƙe numfashi ina saurare. Na ji babur ya wuce a waje, na ji numfashin Kawu a waya, na ji jinina a cikin kunnena. Agogon bai ce komai ba. Na sauke shi ba tare da na ji haushinsa ba, na ɗaga kai. Rana ta karkata, ta tsaya a kan katanga, ba ta faɗa ba tukuna. Na ce, “Da saura, tela, da saura.”

Da na sauke ido, hannun Baba yana tsaye a kan faifai, da 'yar tsakuwa tsakanin yatsunsa biyu. Rabin bakinsa da ke motsi yana dariya marar sauti, hawaye na bin ɗaya gefen.

“Me ya faru?” in ji Kawu. “Na ji shiru. Ya ce a sake?”

“A'a, Kawu. Hannun ya tsaya.”

 Sai Baba ya karkato kansa wajen wayar.

“Bitrus.”

“Na'am, Malam.”

“Na gan shi. Ashe... ya iya.”

“Ai mun gaya maka, kai ne ka ƙi ji.”

Baba bai ƙarasa tsince shinkafar da na sayo ba, Allah ya yi masa rasuwa. Gidan yanzu ni kaɗai ce a ciki, gwangwanin yana kan kabad, faifan yana rataye a bango ba shi da aiki. Wani lokaci nakan yi tunanin mutanen da suka cika zauren nan, yawancinsu sun tafi, kowa ya tafi da nasa Baba Agogon, saura nawa da na wani tsoho a Gonin Gora. Ba kullum ba, amma wasu ranakun bayan la'asar wayata takan yi ƙara. Kawu ne. Ba ya sallama, ba ya tambayar lafiya. “Ƙarfe nawa?” kawai yake cewa. Ni kuma nakan ajiye abin da ke hannuna, in fita tsakar gida, in dubi inda rana take a kan katanga, sannan in ba shi amsa.